Rigar da Ta Zaga Unguwar Reluwe

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Na iso Kafanchan da yamma. Motar da na hau daga Sabon Tasha, Kaduna, ta tsaya gyaran taya a hanya, na sauka ƙafafuna a kumbure. Anti Martina, ƙanwar Mama, ta yi min faten acha, ta tsaya a kaina sai da na cinye, kamar har yanzu ni ce yarinyar da ta karɓa bayan rasuwar Mama.

Bikina da Boaz ƙarshen Afrilu. Na ajiye aikin kemis sai bayan nan. Maman Boaz ta sake turo hotunan rigunan haya a waya, dogaye masu jela. Na yi godiya kawai. Na riga na faɗa wa kowa, har 'yan kwayarmu ta coci, cewa rigar Mama zan sa. Hoton yana nan a falo inda na san shi tun ina ƙarama. Mama a ƙofar coci, 1989, hannayen rigar sun kumbura kamar an hura musu iska, Baba a gefe kwat ta yi masa yawa.

Na tambayi Baba ina rigar take. Ya ce in tambayi Anti. Ya ƙara muryar rediyo.

Talata, 4 ga Maris

Mun buɗe akwatin Mama, ni da Anti. Zannuwa, kayan zumuntar mata, ɗankwalin anko na bukukuwan mutanen da ban sani ba, takalmi ƙafa ɗaya. Har ƙasa muka kai. Ba riga.

Anti tana mayar da kayan ta ce, "Ai ba ta Yaya ba ce ita kaɗai. Rigar Reluwe ce."

Na ce mene ne rigar Reluwe? Ta ce in je wurin Mama Milka, tsohuwar maƙwabciyarsu a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, ita ta fi sanin labari. Ta tashi wai za ta duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Alhamis, 6 ga Maris

Unguwar Reluwe ta tsufa. A can aka haife ni, amma yau sai da na tambayi hanya. Kwanon gidajen ya yi ja da tsatsa, awaki na kwance a kan layin dogo. Mangwarorin ne kawai ba su sauya ba.

Mama Milka ta gane ni tun daga nesa. Ban gama bayani ba ta shiga ɗaki ta fito da nata hoton aure, na 1976. Riga iya gwiwa, ba hannu ko kaɗan. Gashi zagaye kamar kwando, takalmi mai tudu. Mijinta da wando mai faɗin ƙafa wanda zai iya share tsakar gida. Na ce Mama, wannan ai wata riga ce dabam. Ta karɓi wayata inda na ɗauki hoton falo, ta jera su, ta sa farce a ƙirjin rigar. Furen leshin. A gefen hagu akwai fure ɗaya da ganyensa bai cika ba. A nata haka, a na Mama haka.

Na karɓi hotunan na sake dubawa.

"Rigan nan nawa ne," in ji ta. "Ni aka ɗinka wa. Mamanki ya yi kyau a ciki, amma na fi shi."

Wai mijinta ne ya sayo leshin a wani kanti a Jos. Wai da Fasto ya ga gwiwarta ya ce ba zai ɗaura aure ba, sai da matar Fasto ta kwance zaninta na sama ta ɗaura mata. Suna fitowa ta kwance don hoto.

Daga nan ba ta ƙara barina na yi magana ba. Ta ce a zamaninsu in kana son ka san abin da ake yayi, tasha za ka je. Ranar da jirgin Legas ko na Fatakwal zai tsaya, 'yan matan kwatas sai su ɗauki farantin lemo ko gyaɗa, wai talla. Ba talla ba ce. Matan da ke tagogin jirgi suke kallo. Wannan ta riƙe wuyan riga a kanta, wannan hannu, wannan ɗaurin kai. Jirgi na tashi sai su ruga wurin Asibi mai keken ɗinki, kowa na bayani, kowa na ƙaryata 'yar'uwarta. Abin da zai fito daga keken, ba na Legas ba, ba na Fatakwal ba. Na Reluwe. Ranar kasuwa kuma 'yan matan ƙauyuka su zo su kwafa daga jikinsu. Akwai ɗaurin kai da suke kira siginal, kamar alamar tsayar da jirgi, kunne ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ta ɗaura min da tsumman goge tebur don in gani. Ta ce uwarta da saƙi ɗaya baƙi ta sauko daga ƙauye, amma kafin ta mutu ta fi matan Yarabawan kwatas iya ɗaura gwaggwaro.

Na ce to yanzu ina rigar? Ta ce Asibi ce mai ajiya, in je can. Asibi ta bar kwatas tun rikicin addinin nan, tana bayan kasuwa wurin ɗanta.

Juma'a, 7 ga Maris

To wace riga nake nema ke nan?

Lahadi, 9 ga Maris

Ban ji wa'azi ba. Ina ta kallon bayan tsofaffin matan da ke gaba ina cewa ko wannan ma ta sa.

Ashe Mama Milka ta baza labari. Bayan sujada mata suka kewaye ni. Wata ta ce ta sa, kuma a lokacinta da jela. Wata ta ce rigar ba ta taɓa yin jela ba. Wata ta ce ba fara ba ce ma, ruwan madara ce. Wata ta ce amare goma suka sa, wata ta ce sun fi ashirin, har da Musulmai. Suka koma gardama tsakaninsu suka manta da ni.

Anti tana can nesa tana tattara littattafan waƙa. Ba ta zo ba.

Laraba, 12 ga Maris

Mun yi faɗa da Boaz a waya. Na ba shi labari ina dariya, shi bai yi ba. Ya ce mamansa ta riga ta kama wata riga a Kaduna, kuma da ya ce mata ta uwata zan sa ta haƙura saboda maraici. Yanzu me zai ce mata? Cewa zan sa tsumman da rabin unguwa ta sa? Na ce ita ta hayar fa, daga sama ta faɗo? Ko sati ba a yi da wata ta cire ta.

Ya ce ba haka yake nufi ba. Na ce haka ka faɗa. Na kashe.

Abin haushin, ni ma ban san me ya sa nake kare ta ba. Ban taɓa ganinta ba. Ba ta Mama ba ce. Wataƙila ma ɓeraye sun cinye.

Asabar, 15 ga Maris

Na je wurin Asibi.

Da na faɗa wa Baba sai ya ce in hau keke, kada in yi yamma. Na kai ƙofa ya ce in gaishe ta, ita ta ɗinka masa kakin aikinsa na farko. Kasuwa ina shiga kullum, amma lungunan bayanta ban taɓa taka su ba tun ina yarinya. Ba wanda ya hana ni. Haka kawai aka saba.

Wadda ta buɗe min labule Zahra'u ce. Fatimatuzzahra'u, da muka yi firamare tare a Reluwe, mai cinye min ƙosai. Jikar Iya Asibi ce ashe, yanzu ita ke kan keken. Ɗakin ya cika da ɗinkin Sallah har kan kujera. Suna azumi, amma ta kawo min ruwan sanyi ta ce in sha. Na sha da kunya.

Iya Asibi ba ta gani sosai. Ta shafa fuskata ta ce, "'Yar Miriyam." Ban san zan yi kuka ba.

Na ce Mama Milka ta ce rigar tata ce. Iya ta yi dariya har da tari. Ta ce Milka tun tana budurwa haka take. Leshin ba daga Jos yake ba, kuma ya girmi auren Milka da shekaru. Na matar Alexander ne, wani direban jirgi mutumin Kudu, da katanga ɗaya ta raba gidansu da nasu Iya. A shekarar da mutanen Kudu suka gudu, kafin yaƙi, matar ta miƙo wa uwar Iya leshin ta kan katanga, sabo ko ninkinsa ba a buɗe ba, ta ce a riƙe mata za ta dawo. An gama yaƙi, wasu sun dawo, ita ba ta dawo ba. Ko sunanta na yanka ba su sani ba, matar Alexander kawai.

Da auren Iya ya zo, uwarta ta daɗe tana juya abin a ranta, sannan ta ce aro za a yi, ba ci ba. Aka yi buba da zani. Iya ta ce haka ta shiga da shi, da gyale a kafaɗa, rabin kitso a waje, lokacin ba a san hijabi a kwatas ba kuma ba wanda ya ce komai. Zahra'u ta ce, "Kai, Iya." Iya ta ce ta rufe baki, ai ba a haife ta ba.

Bayan nan Milka ta zo tana kuka ba ta da rigar coci, Iya ta yanka bubar da zanin ta yi mata 'yar guntuwar nan, ta adana ragowar. Da yayin gajere ya wuce ta ɗauko ragowar ta ƙara tsawo. Wata ta so wuya a rufe, wata a buɗe. 'Yar wani mai sayar da goro ta sa da mayafi ranar kamu. Kowace amarya da abin da ta gani a tasha, daga baya kuma abin da ta gani a talabijin. Da jirage suka fara ƙaranci, dilar gwanjo ce ta koma tashar. A buɗe dila, a ga abin da Turawa suka daina sawa, a ce shi ne sabon yayi.

Na tambayi hannayen Mama. Na ce su ne na fi so. Iya ta ce labule ne. Labulen gwanjo ta yanka, ta cusa gidan sauro a ciki don su tashi. Mama ta yi ta sosa hannu har aka gama biki.

Labule. Tun ina ƙarama nake kallon hannayen nan ina...

Na daure na ce to a ba ni in gani. Iya ta daina dariya. Ta ce rabonta da rigar an kusa shekara talatin. Ta ce in koma gida, tana gidanmu. Na ce mun bincika har ƙasan akwati.

Ta ce, "Akwatin wa kuka buɗe?"

Lahadi, 16 ga Maris

Akwati biyu ne a ɗakin Anti. Na Mama, da nata da ke ƙarƙashin gado. Tun ina makaranta nake shara ina zagaye shi.

Yau ta tambaye ni ko na sami Asibi lafiya. Na ce lafiya. Ta ce madalla. Shi ke nan.

Talata, 18 ga Maris

Na tare Baba yana gyaran kekensa a gindin mangwaro, inda ba rediyo. Ya daɗe yana murɗa abin da ba ya bukatar murɗawa, sannan ya faɗa.

Anti ta taɓa kusa yin aure. Ni ban taɓa ji ba. Shekara guda kafin a haife ni. Bartholomew sunansa, akawu a ofishin tasha. An yi shela a coci, an yi anko, an karɓo rigar daga wurin Iya an gyara ta daidai jikinta. Ana sauran 'yan kwanaki ya ce zai je Fatakwal ya ɗauko mahaifiyarsa. Bai dawo ba. Daga baya aka ji ya yi aure a can. Anti ba ta mayar da rigar ba, Iya ba ta aiko ba, Mama kuma ta hana kowa ya yi zancen a gidan. 'Yan matan da suka biyo baya suka ce rigar ta ɗauki rashin sa'a, suka fara zuwa Jos da Kaduna haya. A nan labarinta ya tsaya.

Na ce me ya sa bai faɗa min ba tun ranar farko? Ya ce ba nasa ba ne.

Ina tashi ya ƙara da cewa, kuma Alexander ba mutumin Kudu ba ne, ɗan Saliyo ne, ya san shi yana yaro. Na ce Iya ta ce... Ya ce Asibi ta manta.

Kowa ya manta sai mai magana.

Alhamis, 20 ga Maris

Haushinta nake ji. Ta durƙusa tare da ni muna fitar da zannuwan Mama ɗaya ɗaya, tana sane. Ta bar ni ina yawo cikin ranar nan daga kwatas zuwa bayan kasuwa. In ba ta so in sani, me ya sa ta tura ni wurin Mama Milka? In tana so, me ya sa ba ta buɗe baki ba?

Sai kuma in tuna ta raka ni kowane bikin ƙawayena, ita ke goge min anko. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba ta yi aure ba. Na ɗauka haka aka halicce ta, Anti, da cokali a hannu.

Boaz bai kira ba tun Laraba waccan. Ni ba na yarda da zancen rashin sa'a. Amma na duba wayar yau har ta yi zafi.

Asabar, 22 ga Maris

Muna kicin na buɗe baki zan tambaya. Ta ce in miƙo gishiri. Na miƙa.

Talata, 25 ga Maris

Na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da rigar a shimfiɗe a kan gadona. Ɗakin duk ƙamshin kafur.

Ba ita ba ce. Wato ita ce, ga furen nan mai guntun ganye. Amma babu kumburarrun hannaye. Hannu dogo ne matsattse har wuyan hannu, kafaɗu a miƙe da soso a ciki irin na hotunan da, wuya a rufe, baya kuma ƙananan maɓallai a jere tun daga ƙeya har ƙugu. Ta yi ruwan madara. Matar nan ta coci ta yi gaskiya, ko kuma tsufa ne.

Anti tana tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Kin ce rigar Mamanki kike nema. Ni na sa aka cire hannayenta. Ban san yadda zan nuna miki wannan ba."

Na zauna a bakin gadon.

"Kuma a kaina ta tsaya, Yemima. Ban so ta tsaya a kanki."

Na ce to me ya sa kika tura ni wurin Mama Milka? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta ce wataƙila ta gaji. Ta juya ta tafi tana cewa wake zai ƙone. Wannan karon da gaske akwai wake.

Laraba, 26 ga Maris

Na rufe ƙofa na gwada. Maɓallan baya ban iya kaiwa ba, amma ko haka na gani. Ta zauna min kamar a jikina aka auna. Kafaɗa, ƙugu, tsawo, ba abin ragewa.

Mama gajera ce mai jiki, kowa ya san wannan. Da rigar hoton ce da sai an farke ta gaba ɗaya. Na tsaya a madubi ina neman Mama, wadda nake gani wata ce doguwa mai dogon wuya da ta saba tsaya min a kai in ina cin abinci.

Na cire da sauri. Ban san ko ina sonta ba.

Litinin, 31 ga Maris

Zahra'u ta aiko da abincin Sallah, masa da miyar taushe. Baba ya ci har ya ƙoshi, ya ce rabonsa da irin wannan tun muna kwatas.

Muna cikin ci aka yi sallama. Boaz. Ya biyo motar safe bai faɗa min ba. Da na gan shi a tsaye da jaka na miƙe da gudu, har na ji haushin kaina. Anti ta gaishe shi ta shige ɗaki ta daɗe.

Na ba shi labarin duka a waje, har da Bartholomew. Ya ce ya yi magana da mamansa, ta yi fushi na kwana biyu ta sauko, yanzu ma so take ta ga leshin. Na ce ni fa har yanzu ban yanke ba.

Ya ce, "Ki sa ko buhu ne. Ki dai zo. Ni zan riga ki zuwa."

Na ce wa ya tambaye ka.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Zan kai wa Zahra'u rigar ta duba ɗinkin da ya saki, sai ga Anti ta fito da mayafi a kafaɗa, wai dama za ta kasuwa. Muka wuce kasuwar ba ta sayi komai ba.

Na zata za a yi kuka, ko a nemi gafara, ko wani abu. Iya ta ji muryarta ta ce, "Martina ce?" Anti ta ce ita ce. Iya ta ce ta zauna. Suka yi ta zancen ciwon gwiwa, da wanda ya mutu da wanda ya koma Kaduna, da mangwaron bayan gidansu ko yana nan. Rigar tana kan cinyata a leda. Ba wadda ta kalle ta. Ni kaɗai ce nake zufa.

Sai can Iya ta miƙo hannu. Ta bi rigar da yatsu tana kiran suna. Nan aka yanke wa Milka. Nan aka ƙara wa wance. Nan ramukan allurar hannun Miriyam, ga su ba su ɓace ba, ta kama yatsana ta ɗora. Akwai su kuwa, ƙanana a zagaye da kafaɗa. Da ta kai maɓallan ta ce waɗannan Martina ce ta zaɓo su da kanta, ta sa ta yi kwana biyu tana ɗinka hancinsu da hannu. Anti ta ce lokacin ba ta da hankali. Iya ta ce maɓallan dai suna da kyau.

Sannan ta sa na durƙusa. Ashe kowace amarya sai ta yi alkawari kafin a ba ta: in matar Alexander ta dawo ta ce a ba ta kayanta, ko a tsakiyar coci kike, za ki cire. Na yi dariya. Ba wadda ta taya ni. Matar da in tana raye ta haura casa'in! Na yi alkawarin.

Zahra'u ta ce in ina so za ta cire hannun nan ta yi min masu kumburi irin na hoton, yanzu akwai yadin da ke tashi da kansa, ba sai da gidan sauro ba. Ta faɗa a gaban Anti. Anti ta ce a yi min, ai shi nake so tun farko. Na ce zan yi tunani.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An yi ruwan farko. Zahra'u ta kira, na ce ta ƙara min lokaci. Ta ce tun firamare haka nake, sai an kaɗa ƙararrawa nake fara rubutu.

Na sauke hoton falo na goge gilashin. Mama tana murmushi. Yanzu da na sani, sai nake ganin kamar so take ta sosa hannu.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na ce wa Zahra'u ta bar ta yadda take. Ta ɗinke inda ya saki, ta wanke, shi ke nan. Lokaci ya ƙure ne. Kuma kumburarren hannu ba zai yi wa doguwa kyau ba.

Ban faɗa wa Anti ba. Za ta gani.

Litinin, 28 ga Afrilu

An yi.

Abubuwan sun haɗe min. Kwaya, zafi, shinkafa, ƙanwar Boaz ta ɓatar da ɗankunne. Da muka isa Boaz yana can gaba a zaune, wai tun kafin mai shara ya gama.

Mama Milka ta zauna a layin farko da ɗaurin siginal tana faɗa wa duk wanda ya zo kusa cewa rigarta ce. Maman Boaz ta murza leshin tsakanin yatsunta ta ce yanzu ba a yin irinsa, sai ta koma tana faɗa wa danginsu wai daga Ingila aka kawo. Ban gyara mata ba, ni ma ban san daga ina ba. Iya Asibi da Zahra'u ba su shiga coci ba, sun jira a inuwa wurin liyafa. Baba ya je da kansa ya kai musu kujera, ya tsaya can har aka yi ta nemansa don hoto.

Abin da na fi tunawa, da safe ne. Zahra'u ta kawo rigar a rataye. Anti ta ga hannun yana nan, ta kalle ni. Ƙawayena suka yi ta fama da maɓallan, farcensu na roba ya hana su. Anti ta ce su matsa. Ta fara daga ƙugu tana hawa, ɗaya bayan ɗaya, ina jin yatsunta a bayana. Da ta kai na ƙarshe a ƙeyata ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Sai ta ce in miƙe kafaɗa, kullum ina rankwafawa.

Matar Alexander ba ta zo ba. Na dai leƙa ƙofa sau ɗaya, Allah ya gani.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sabon Tasha. Gidan ƙarami ne, famfon ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Gobe zan koma kemis. Boaz ba ya cin yaji, sai yanzu yake faɗa.

Rigar ta zauna a Kafanchan. Iya ta ce ita ta tsufa da ajiya, a bar ta inda ta saba, wurin Anti. Zahra'u ta ce wata ɗaliba a jami'a ta ga hotuna tana tambaya, amma so take a buɗe bayan. Ban san ko na yarda ba. Ba ni za a tambaya ba ma.

Da rana ina wanke-wanke waya ta yi ƙara a falo. Boaz ya duba ya ce, "Mama ce ke kira." Na ce tawa ko taka? Ya ce wayarki ce fa. Na goge hannu na karɓa. Anti ce, tambaya take ko na sami acha mai kyau a nan, in babu ta aiko da direba, kuma in daina barin waya a caji ina fita.

Da na ajiye Boaz yana ta kallona. Na ce me? Sunan da, Anti Martina, shi ne ya yi tsawo, ba ya fitowa duka a fuskar wayar, shi ya sa na sauya. Shi ke nan.

Acha ta nan duk tsakuwa ce. Na ce ta aiko.